Takardar da Na Jefa a Kwanon Malam

Yayata ta yi wata huɗu a gidana bayan an cire mata nonon hagu a Kano. Aurenta a Baure yake, ciwon kuma yana son wanki kullum, ga ruwan magani da ake komawa a ɗaura mata duk bayan mako uku. Daga Daura an fi samun mota. Maigidana da kansa ya ce a kwashe buhunan geron da ke ƙaramin ɗaki a gyara mata. Na share, na kai katifa da buta da darduma.

Ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina aji uku a firamare, Yaya ta ɗauke ni ta tafi da ni ɗakinta. Ba ta yi boko ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai da na gama sakandare. Har yau da nake da 'ya'ya biyar Auta take ce mini, kuma duk abin da ya shafi takarda ni ake miƙa wa. "Ba wa mai biro," in ji ta.

Ranar da aka sallame mu daga asibiti, kafin mu shiga mota, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Auta, rantse mini. Daga ni sai ke sai mazanmu. Duk wanda ya tambaya, ƙari aka cire mini a hammata."

"Yaya, ciwo ai ba abin kunya ba ne."

"Ke yarinya ce. In aka ce ciwon daji, zuwa za su yi ta yi suna kallona kamar gawa. In aka ce nono, idon kowa ya koma ƙarƙashin hijabina. Ga 'yan mata biyu a gabana, a ce a jininsu yake, wa zai zo nema?"

Na rantse.

Kullum bayan na sallami yara makaranta sai in dafa ruwa in shiga in rufe ƙofa. Takan juya fuskarta bango in na kwance bandejin. Wurin ya zama shafe, ɗinki ya tafi a karkace tun daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata. Da ya fara warkewa na riƙa cusa mata auduga a rigar nono. Audugar ba ta da nauyi, in ta yi ruku'u ta ɗago sai ta haura sama. Wata rana ta idar da azahar ta dube ni ta ce, "Auta, zo ki sauko da ɗan naki, ya hau wuya." Muka yi dariya har sai da ta dafe ɗinkin. Daga nan ta ciro audugar ta ajiye a kan darduma tana kallo.

Na ce mata ai yanzu tun da aka fara shari'a kowa hijabi yake sawa har ƙasa, babu mai ganewa.

"Mutane ya rufe wa," ta ce. "Ni in na shiga wanka da hijabi nake shiga?"

A zuwanmu na ƙarshe ɗaurin ruwa, likitar da ke duba ta, wata mace mai sanyin magana, ta ce mu tsaya. Ta ce akwai wasu likitoci baƙi da za su zo bayan Babbar Sallah, aikinsu ke nan, sukan ɗebi tsoka daga ciki ko baya su gina wa mace abin da aka cire mata. Ba zai ba da ruwa ba, ba kuma zai zama sak da na da ba, amma mace za ta tsaya daidai a cikin rigarta. Mata kaɗan za a ɗauka, kuma kafin azumi take son ta aika da sunaye. Ta ce mu je mu yi shawara.

Da muka iso gida Yaya ta cire hijabi ta zauna a bakin katifa.

"Ina so, Auta. Wallahi ina so. Amma halal ne?"

Alhajinta da ya zo dubiya ya ce shi ba shi da ta cewa, abin da malamai suka faɗa shi ke nan. Sai ta juyo kaina.

"Ki tambayo mini Malaminku. Amma kar ki bari a gane."

A waɗancan shekarun Islamiyyar matan aure cika take yi har waje. Asabar da Lahadi da hantsi muke zuwa, a wani aji na firamaren unguwarmu. Malam dattijo ne, a bayan labule yake zama, muryarsa kawai muke ji. In an gama karatu sai a zagaya da wani kwanon silba, mai tambaya ta rubuta a 'yar takarda ta ninke ta jefa. Ba a sa suna. Kowa da "wata ce" take farawa, ko da ita ce watan. Malam ya warware ɗaya bayan ɗaya ya karanta da ƙarfi ya ba da amsa. An yi haka ne don kunya, amma mata ba sa rasa gano mai takarda. Kafin a kai bakin ƙofa an gama lissafin wace ce mijinta ya yi rantsuwar saki, wace ce jininta ya rikice. Kuma duk ajin an san ina da marar lafiya a gida, an san muna zaryar Kano.

Sau uku na rubuta a ranar Juma'a. Ta farko na faɗi komai, daji da yanka da likitocin da za su zo. Na karanta na ga ko sunan Yaya na sa iyakar abin ke nan, na yaga. Ta biyu na ce wata ce ciwo ya taɓa mata ƙirji. Na ga ita ma da an ji "ciwo" za a waiwayo ni. Ta ukun ita na kai:

"Malam, wata ce take tambaya, ya halatta mace ta je asibiti likita ya yi mata aiki a ƙirji don ya koma yadda yake da?"

Ni a raina tambayar a fili take. Wata huɗu ba ni da wani tunani sai wannan ciwon, har na ɗauka duk wanda ya ji zai san inda aka dosa.

Malam ya karanta ya ce, "Inna lillahi. Har abin ya iso Daura?"

Aji ya ɗauki dariya. Wata mai sayar da kayan gyaran jiki da ke zaune kusa da ni ta ce, "Wace ce wannan? Baiwar Allah, ki same ni a gida, hulba ta ishe ki, ba sai an kai ga wuƙa ba."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Mu da muka shayar da tara, namu har cibiya, wa ya mutu?"

"Ke Hajiya, Alhaji ya mutu mana!" in ji wata.

"Ba su suka kashe shi ba, 'yar nema!"

Malam ya buga sanda a tebur aka yi tsit. Ya ce wannan ɗabi'ar matan ƙasashen waje ce da ake gani a tauraron ɗan'adam, mace ta haihu ta shayar, sannan ta raina abin da shayarwa ta bar mata ta je a yanka a cusa mata roba. Ya ce canza halittar Allah ne, ya karanto aya, ya ce haramun ne, mai tambaya ta ji tsoron Allah ta gode masa da lafiyar da ya ba ta.

Lafiyar da ya ba ta. A nan na gane bai fahimce ni ba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Kwano ya riga ya wuce. In na ɗaga murya na ce ba haka nake nufi ba, na tona Yaya a gaban mata sittin. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabi har aka yi addu'ar tashi.

Akwai hanyoyi, na sani. Da na iya sake rubutawa wani makon, sai dai kowa zai haɗa ta biyun da ta farkon. Da na iya roƙon maigidana ya same shi a zaure su yi magana ta maza, amma ban taɓa iya buɗe baki na ambaci ƙirjin yayata a gabansa ba, shi ma ko a asibiti "wurin" yake cewa. Akwai kuma abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Na gaji. Na gaji da hanyar Kano, da warin asibiti, da kwana a kan tabarma a baranda, da wanke ciwo. Sabon aiki yana nufin sabon ɗinki biyu, wasu watannin kuma. Da Malam ya ce haramun, wani wuri a cikina ya sauke numfashi. Na yi istigfari a hanya, amma na ji shi.

Na same ta tana tsince shinkafa a faranti.

"Me ya ce?"

"Ya ce haramun ne."

"Kin gaya masa komai?"

"Na rubuta, Yaya."

Ta ci gaba da tsintar. Can ta ce, "To shi ke nan. Allah ya sa kaffara ce." Da yamma ta sa na ari wayar maigidana na kira likitar na ce mun gode, a ba wata. Likitar ta tambaya ko mun tabbata, na ce mun tabbata. Saura kwana shida azumi Alhaji ya zo da mota ya mayar da ita Baure.

Shekara biyu da wani abu bayan nan, wata ta jefa tambaya a kwanon a kan jaririnta da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko ya halatta a ɗinke. Malam ya ce ya halatta mana, har da lada. Ya ce gyara abin da cuta ko haɗari ya ɓata daban, raina halitta daban. Ya kawo labarin sahabin da aka sare wa hanci a wurin yaƙi aka yi masa izini ya sa na zinariya.

Ban san lokacin da aka tashi ba. Na zauna har aji ya watse, na matsa jikin labule na yi sallama. Ban taɓa yi masa magana da bakina ba sai ranar.

"Allah gafarta Malam, wata ce aka cire mata nono saboda ciwon daji. Likitoci suka ce za su iya gina mata wani da tsokar jikinta."

"In likitocin amintattu ne, kuma ba zai cutar da ita ba, ta yi. Wannan ai magani ne. Allah ya ba ta lafiya."

"Malam, an taɓa tambayar ka, ka ce haramun."

"Ni? A kan mai daji?" in ji shi. "Ban tuna an taɓa kawo mini wannan ba, 'yata."

Gaskiyarsa, ba a taɓa ba.

Washegari na shiga motar Baure. Damina ce, gero ya kai ƙugu tun daga Zango. Na tarar da ita a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya da rabi, don na hagun ya kumbura tun bayan aikin, ba ta iya daka. Ta rame, kafaɗarta ɗaya ta ɗan sauka. Ta yi murna, ta sa aka dama mini fura. Ban iya sha ba. Na faɗa mata duka, har takardu biyun da na yaga, har kalmomin ta ukun. Gajiyar tawa ce kawai ban faɗa ba, sai ita ta faɗa.

"Kin gaji ne a lokacin, Auta."

Na fashe da kuka.

"Ni ma na gaji. Kuma ni na sa ki rantsuwa." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Amma da kin dawo kin ce mini, Yaya, ban iya tambaya ba. Da na san abin yi. Da na yafa hijabina na je na tsaya a bayan labulen da kaina. Shekara biyu ina zaton abin da raina yake so saɓo ne, ina tuba a kansa."

Ta turo mini kwanon fura ta ce in sha kafin ta tsinke.

Da lokacin komawarta asibiti ya zo na raka ta. Wannan karon ita ta yi tambayar da bakinta, a gaban nas biyu, ba ta ko rage murya ba. Likitar ta ce baƙin sun zo sau ɗaya ɗin nan, sun yi wa waɗanda suka yi wa, ba su sake dawowa ba. Ta ce za ta rubuta sunanta ko Allah zai kawo su. Ta rubuta a bayan katin. Har yau ba a kira ba, 'yan matan nata duk sun yi aure, Yaya kuma ta bar zancen.

A hanyar dawowa mu huɗu aka cusa a kujerar baya. Kafin Ɗambatta barci ya ɗauke ta, ta kwanto a kaina ta ɓangaren hagun, ina jin ƙasusuwan haƙarƙarinta a damtsena duk lokacin da mota ta faɗa rami. Hannuna ya mutu tun a Kazaure. Na bar shi a haka har tashar Daura.