Tudun da Ba-komai ya gina

Mijina magini ne, kuma tun da na aure shi ban taɓa jin ya ce wa mutum a'a ba. A layinmu ba a ma kiransa da sunansa, sai Ba-komai, don ita ce amsarsa ga kowa. Katangar wani ta tsage, ba komai. Kwatar wani ta toshe ranar da shi yake kwance da zazzaɓi, ba komai. Na yi faɗan har na gaji. Na taɓa ce masa ranar da aka zo aron matarsa ma haka zai ce, ya yi dariya ya saɓi cebur ya fita. Yau ga shi a hannun 'yan sanda, za a kai shi kotu, wai shi ya kashe babban ɗan telan layinmu.

Abin ya faro ne da aka zuba wa titinmu kwalta, masu babur suka mai da shi filin tsere. Da wani ya kusa take wata tsohuwa, sai mazan layi suka taru a ƙofar shagon tela suka ce a yi tudun rage gudu. Wa zai yi? Ba sai na faɗa ba. Wannan ya kawo yashi, wancan siminti. Na kai wa mijina ruwan sha, ina tsaye da kunnena na ji tela yana cewa, "Wannan ai matashin kai ne, ƙara masa tsayi. So nake duk ɗan banzan da ya zo a guje ya ji a jikinsa." Mijina ya ce ya isa haka. Tela ya matsa, shi kuwa gogan naku ya ƙara. Fenti aka ce sai an samu hali, har yau ba a samu ba.

Babban ɗan tela a wani gari yake aiki, bai san da tudun ba. Ya zo ganin gida da sabon babur, rana tsaka, a guje, ko hular kwano babu. Tudun ya cilla shi, kansa ya daki bakin kwata. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Yaron kirki ne, wallahi na yi masa kuka.

Da 'yan sanda suka tambayi wanda ya sa a yi tudun, layi kaf ya zama kurame. Mai kanti ya ce ranar yana kasuwa, alhali da baronsa aka kwaso yashin. Mai aski ya ce shi dai ya wayi gari ya gani. Shi kuwa mijina da aka tambaye shi, sai ya ce, "Ni na gina." Shi ke nan, suka sa shi a mota da siminti a ƙafarsa.

Lauya ya ce in uban mamacin ya shaida cewa shawarar jama'a ce, kuma shi ya ce a ƙara tsayin, magana za ta yi sauƙi. In ba haka ba, sai dai addu'a. Na ajiye kunya na tafi shagon. Na tarar da tela zaune gaban kekensa, babu zare a ciki. Na durƙusa har ƙasa.

"Baba, ka tuna abin da ka ce ranar?"

"Ba na barci saboda shi," in ji shi.

"To ka faɗa musu. Yarana sun daina tambayata, kallona kawai suke yi."

Ya ce, "Uwar yaron ba ta sani ba, 'yata. Abin da ke riƙe ta a tsaye shi ne tana da wanda za ta tsana. In ta ji ni ne, biyu zan binne."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa. Ina fitowa na yi kaciɓis da matarsa a ƙofa, ta kawo masa abinci. Ta rame, zanen ma da ƙyar yake zaune a jikinta. Na zaci zagi zan sha, sai ta kama hannuna.

"Ke ba ruwanki, ƙanwata," ta ce. "Mijinki ne, kuma na bar shi da Allah."

Hannunta sanyi ƙalau. Ta cikin taga tela yana kallona, yana girgiza mini kai a hankali. Ina jin tsoron Allah, kuma na san abin da maganar za ta yi mata. Amma yara huɗu gare ni, kuma babu wanda ya girgiza kai don su. Na riƙe hannun nata da kyau na ce, "Yaya, ajiye kwanon nan ki zauna. Akwai abin da na ji da kunnena."