Hotunan da na goge

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Minguettes a gefen Lyon, ni da wani abokina ɗan Tawa, direban motar kai kaya. Ni ke da sabga a Paris, shi rakiya ya yi. Na daɗe ina ɗaukar hotunan suna da aure na mutanenmu a Lyon, sai na ji labarin wani gidan tarihi na hotunan rayuwa a Paris mai lakwal, wato makaranta, a jikinsa. Na zaɓo hotunana mafi kyau, burina su ɗauke ni ɗalibi.

Jirgin ƙasan bai bar mu mun ga gari ba, gonaki kawai ke wucewa fuu! Kafen cikinsa kuwa, wurin sayar da shayi da abinci, tsadarsa ta sa muka koma ga kilishinmu.

Da muka shiga gidan tarihin, wallahi hassada ta kama ni. Hoton wata tsohuwa tana feraye dankali, ko gashinta ba ta gyara ba, an ba shi bango guda shi kaɗai. Ga ɗakin karatu cike da littattafan hoto, ga ɗalibai rataye da kyamarorin da ni sai a shago nake leƙensu.

Malamar da ta karɓe ni ta duba hotunana ɗaya bayan ɗaya: alhazai cikin shadda, hajiyoyi da gwala-gwalai, kowa ya kalli kyamara. Ta yaba hasken, sannan ta tambaya ina hotunan da na ɗauka kafin mutane su shirya. Na ce na goge. A wurinmu wa zai ajiye hoton babba yana kai loma baki? Ko kuskure ka yi, Hajiya za ta ce, "Malam, goge wannan, ban gyara kallabi ba."

Abokin nan nawa, da ba ya iya yin shiru, ya zaro salularsa. Yana da ɗabi'ar ɗaukar mutane ba sallama: 'yan tireda a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris suna kwashe kaya da gudu, wani dattijo na gyangyaɗi kan kwali. Malama ta gyara zama. Shi ta ce ya dawo su yi magana. Ni aka ce in ci gaba da ƙoƙari.

A Bobigny, nan gefen Paris, wata 'yar'uwa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, amma ban ji daɗinsa ba.

A hanyar dawowa barci ya kwashe abokin nawa, baki buɗe, kai jingine da taga. Na ɗauke shi hoto, rabi don mugunta. Ban taɓa yin hoto mai kyansa ba. Da ya farka na nuna masa, sai ya ɓata rai. "Haba, aboki! Goge don Allah, kada matata ta gani."

Tafiyar ta nuna mini abin da lakwal ɗin ke nema, ta kuma nuna mini ba zan iya ba su ba. Kafin mu sauka Lyon na goge.