Baba Sannu Zai Rufe Shago

Kafin maƙwabtansa su gama share ƙofar shagunansu, Baba Sannu ya riga ya zauna, ya kunna fitilar tebur, ya jera sukuddirebobinsa daga babba zuwa ƙarami. Shagonsa na gyaran kwamfuta a ƙarƙashin matakalar bene yake, in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya leƙo. Sunan nan mu muka laƙa masa, domin ko da gudu ka zo, abin da zai fara ce maka shi ne, "Sannu. Zauna tukuna."

Ƙarshen watan nan zai rufe. Yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma ya fara gani dishi-dishi, 'ya'yansa sun ce daga aikin ido sai hutu. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba, kuma ina da dalili.

Ni ce mai ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji a wani ƙaramin asibiti. Hoton kuwa ba ya fita sai ta kwamfuta guda da ke ɗakina. Da ta fara nauyi, mai kula da kayanmu ya sayo mata sabon ram, wato ƙwaƙwalwar da inji ke aiki da ita. Ya zaɓi mai babbar lamba, ya saka kusa da tsohon, muka yi masa godiya.

Washegari da hantsi aka shigo da wani magini da ya faɗo daga kan gini. Numfashi yake da ƙyar, leɓensa ya fara sauya launi. Na ɗauki hoton. Ya fara bayyana daga kafaɗa, ya sauko rabin ƙirji, sai fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, ta mutu. Na kunna, ta sake. Na kuma kunnawa, haka dai.

Likita ya tsaya a kaina. "Ina zargin haƙarƙari ya huda huhu. In ban gani ba sai mu tura shi babban asibiti, kuma ban yarda zai kai ba."

Matar maginin tana bakin ƙofa, ta riƙe takalmin mijinta ɗaya, tana tambayar duk wanda ya gitta, "Ya fito? Hoton ya fito?"

Na kira Baba Sannu. Ranar ce kaɗai na ga ya shigo bai ce wa kowa sannu ba.

"'Yata, me aka taɓa mata kwanan nan?"

"Ram aka ƙara, Baba. Jiya."

Ya zare waya, ya buɗe murfi, ya dafa ƙarfen jikinta, ya danna 'yan kunnuwa biyu da ke riƙe da sabon ram ɗin, ya fito. Ya mayar da wuta. Ban taɓa jin tashin kwamfuta ya yi tsawo irin na ranar ba. Hoton ya sauko har ƙasa. Likita ya ɗora yatsa a gefen hagu, ya fita da sauri yana kiran a kawo bututu.

Sai da maginin ya samu numfashi Baba ya zauna. Mai kula da kaya ya zo jiki a sanyaye. Baba ya matsa masa a benci, ya ɗora sabon ram ɗin a tafin hannu.

"Kayan da ka sayo lafiyayye ne, ɗana. Dubi wannan babbar lambar, gudunsa ke nan. Ga wata ƙarama a gefe, ita ce jinkirin da yake yi kafin ya amsa kira, kuma a nan ƙanƙanta ake so. Mutane babbar kawai suke kallo. Shi kuma bod, babban allon da kowa ke zaune a kansa, yana da iyakar gudun da zai ɗauka. Naku tsoho ne. Ka haɗa masa biyu da ba su jitu ba, sai ya ruɗe." Ya yi 'yar dariya. "Kowane ram da raminsa."

Kafin la'asar ya dawo da wanda ya yi daidai da tsohon, ya zauna yana gwaji har ya gamsu.

Ba mu kaɗai ba ne. Mai buga katin biki da ke kusa da shi ya ce ya sha ganin Baba ya hana mutum sayen ram mafi tsada a shagonsa, don tsagar da ke gindinsa ba za ta hau bod ɗin mai shi ba. Wata malamar makaranta ta ce ya sa ta karanta masa lambar bod ɗinta ta waya, don kada ta yi tafiyar banza.

Baba, kai ne mai tambaya kafin taɓawa. Kai ne ba ka taɓa kunyata wanda bai sani ba. Na ga yadda kake kai ram kusa da ido yanzu, kana juya shi a hasken fitila, kana ƙin cewa ba ka gani. Ina tsoron ranar da fuskar nan za ta sake komawa shuɗiya, ga mara lafiya a kwance, ni kuma ban san wa zan kira ba.

Masu gyara na bayansa, sauran kwanaki kaɗan ne. Ku je ku zauna kusa da shi, ku karanta masa lambobin da ya daina gani, shi kuma ya faɗa muku ma'anarsu.

Mun gode, Baba Sannu. Allah Ya sa a yi aikin idonka cikin nasara. Maginin nan ya koma kan gini, ya ce in gaishe ka.