Ranar da Rufin Toranke Ya Karkace

Aikin ƙarfe wahala ce, kada wani ya ruɗe ka. Idanun nan nawa da yanzu ba sa ganin kafar allura, walda ce ta cinye su. Amma ranar da na fi shan wuya ita ce kuma ranar da na fi yin dariya, a Toranke, lokacin naira tana sabuwa.

Manoman garin sun gina ɗakin ajiyar gyaɗa, faɗinsa ya fi ƙarfin azara. Ni kuwa ban daɗe da dawowa Gaya daga Kano ba da 'yar waldar da na koyo, ina ta cika baki a kasuwa cewa ƙarfe zai haye faɗin nan ba ginshiƙi ko ɗaya. Suka ce bismilla. Tsohon maginin da ya yi bangon ya ce in ƙarfena ya gaza, zai kafa ginshiƙai a tsakiya ya jera azararsa. Na san in haka ta faru, daga Gaya har Ajingi ba mai sake kirana ko gyaran ƙofa.

Ƙarfen da na kawo mai kusurwa ne, fuska biyu gare shi kamar littafin da aka buɗe rabi. Na shimfiɗa ƙwarangwal ɗin rufin guda uku a ƙasa, dogaye a gefe, gajeru a tsakani suna tokare su. To abu yana kwance, nauyi kamar bijimi, wa zai juya shi? Sai na bi fuskar da ke sama kaɗai, na liƙe gajerun duka ta gefe guda. Walda ta yi kyau, har shafa ta nake yi.

Muka ja su ukun da igiya muka ɗora a kan bango. Mutanen Toranke ba sa yarda da rufi, ko na azara ne, sai ƙarti sun hau sun zauna. Takwas suka hau na tsakiya. Ƙarfe bai karye ba, bai lotsa ba. Murɗewa ya yi a hankali, ya kwanta gefe kamar jaki mai son yar da kaya. Ƙarti suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna zubewa kan tarin ɓawon gyaɗa. Na ƙarshe ya sauko, wandonsa ya rage a sama yana lilo.

Wani ya ɗaga murya: "Mai walda, rufinka leƙen maƙwabtanmu mutanen Balan yake yi!"

Mai wandon, yana tsugune cikin ɓawo, ya ce, "Ku bar zancen Balan, ku miƙo mini gora in zaro wandona!"

Wuri ya kaure da shewa. Ni ma na yi ta dariya har da hawaye.

Magini bai yi dariya ba. Ya ce, "Zo nan, ɗan nan." Ya miƙo mini bokitin ruwan kwaɓa ƙasa, cike fal. "Riƙe da hannu ɗaya." Na riƙe, na karkace.

"Miƙe mana."

"Baba, ai nauyin gefe guda yake."

Ya saƙala mini wani a ɗaya hannun. Na tsaya cak.

Ya ce, "Ni ban san ƙarfe ba. Amma na ga hannu ɗaya ka ba shi."

Wallahi sai na ga abin kamar an zana mini a ƙasa. Nauyin ba ya bin tsakiyar ƙarfen, gefen da na liƙe yake bi, dole ya murɗe shi. Na hau tsalle da bokiti biyu, na jiƙe sharkaf, na jiƙa tsoho.

"Baba, ka ba ni gobe!"

"Zuwa azahar. Jakuna sun riga sun tafi ɗauko azara."

Washegari ina idar da sallar asuba na tashi ƙartin nan, muka sauke ƙwarangwal ɗin, na miƙar da na tsakiya da guduma, muka juya su kamar waina. Na yayyanka ragowar ƙarfe, kowane gajere na yi masa ɗan'uwa ta ɗaya fuskar, baya da baya. Kafin rana ta take muka mayar. Na riga kowa hawa, takwas ɗin suka biyo ni, mai wandon ya ɗaure mazaginsa tamau. Ko gezau. Daga can sama, ina kaɗa ƙafa, na ƙwala wa magini kira na ce, Baba, a aika a juyo da jakuna.