Doguwar Hanyar Baba Zuwa Coci

Jiya na wuce wani gida ana dafa burukutu, tsamin dawar ya bugi hancina, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Dattijon ikkilisiyarmu ne a Badarawa bayan yaƙin basasa, lokacin ina sabon malamin firamare.

Baba ba ya bin gajeriyar hanya zuwa coci. Zagayawa yake yi ta cikin gonaki, yana jan ƙafarsa mai ciwo. Wata Lahadi da damina na raka shi, taɓo ya cika mini takalmi, na ƙosa.

"Baba, me ya kawo wannan wahala? Ga hanya can miƙaƙƙiya."

Ya ce, "Akwai gidan giya a kanta."

Na yi dariya. "Kai da kake mana wa'azi kake tsoron ƙwarya?"

Ya tsaya, ya dogara a sandarsa. "Ɗana, tun ba a haife ka ba na tuba na bar sha, amma har yau in na ji warinta yawuna tsinkewa yake. Na san kaina." Sai ya dube ni a hankali. "Kai ma ai ka san ƙofar."

Ashe ya sani. A can na wuni ranar Asabar. Kunya ta rufe ni, na kasa rera ko waƙa ɗaya a sujadar ranar. Bai sake tada maganar ba, sai dai kowace Asabar ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina muna hira, har Allah ya raba ni da sha.

Ubangiji Yesu ya ba shi hutawa a wurinsa, ni kuma ya riƙe ni har ƙarshe.