Gemun Makoki a Fim ɗin Stanimir

Stanimir shi ne mai ɗaukar hoton biki a ƙauyenmu, Belotina, da ƙauyuka shida da ke kewaye da shi. Duk wanda aka ɗaura wa aure, ko aka yi wa baftisma, ko aka kai makwanci a wannan yanki cikin shekara ashirin da suka gabata, yana cikin kyamararsa. Mahaifinsa makanikin tarakta ne, ya kuma so ɗan ya gaje shi. Shi kuwa ya sayar da babur ɗin da aka saya masa, ya dawo daga kasuwar Leskovac da tsohuwar kyamara rataye a wuya. Uban bai yi masa magana ba har aka gama girbin wannan shekarar.

Yana da yaya mai suna Gordana, wadda ke zaune a Vienna. Ta nemo masa gurbin aiki a wani shago da ke ɗaukar bukukuwan mutanenmu mazauna can, da albashin da ya ninka abin da yake samu sau biyar. Duk ranar Lahadi takan kira shi a waya, amsarsa kuma ba ta canzawa: in ya gama fim ɗinsa zai zo.

Labarin fim ɗin gajere ne. Wani dattijo ne ya tashi da safe daga bakin gada, ya ratsa ƙauye da ƙafa zuwa gida na ƙarshe, domin ya nemi sulhu da wansa da suka yi shekaru ba sa magana. Komai a yini guda yake faruwa, kuma yinin na kakar tattasai ne, makonni ukun nan da ake rataye shi a igiya daga rufi zuwa ƙasa, har bangon kowane gida ya koma ja. Ni Milutin ni ne dattijon. Da ya kawo mini takardun labarin na karanta su sau biyu, domin ni da na koyi karatu ina da shekara arba'in da uku ba na barin kalma ta wuce ni ban auna ta ba. Na ce masa wannan ya yi kama da abin da ke tsakanina da yayana Radoje. Ya ce ba labarina ba ne. Ban yi masa musu ba.

Ba shi da kayan aiki, saboda haka ya mai da kayan gona na aiki. In yana son kyamara ta bi ni a hankali, sai ya zauna cikin baro, a rage iskar tayar, surukinsa, mijin ƙanwarsa, ya tura shi. Na'urar ɗaukar murya a bakin sandar kamun kifi take, an sa mata safar ulu don iska. Farin zanin gadon mahaifiyarsa shi ke mayar da hasken rana kan fuskata. Ladan 'yan wasa kuwa miyar wake ce da burodi, da ƙaramin kofin barasar gida ga mai sha. Ban taɓa ganin mutum mai haƙurin jiran girgije ya wuce kamarsa ba.

Ya ce kaka ɗaya za ta ishe mu. Amma kakar tattasai ita ce kuma kakar aure, ranakun da suka rage masa kaɗan ne, a cikinsu ma wata ranar ruwa, wata ranar ƙarar tarakta. Abin da ya faru da safe a labarin dole a ɗauke shi da safe, na la'asar da la'asar. Kaka ta wuce mun isa bakin coci kawai. Haka muka shiga shekara ta biyu, da ta uku, har ta shida.

A nan ne na gane abin da na sa kaina a ciki. Tun da yini guda ne, wajibi ne in kasance yadda nake a ranar farko: haɓa a aske tas, gashin baki daidai gefen leɓe, kot mai ruwan ƙasa, hula baƙa. Kot ɗin a gidansa yake kwana cikin leda, kada in kuskura in sa shi ya ƙara koɗewa. Da magwajin tela yake auna mini gashin baki. Haƙorina na gaba da ya ɓalle tun kafin mu fara, shekara shida ya hana ni gyarawa.

"Kawu Milutin, ka yi ƙiba," in ji shi a shekara ta huɗu, yana ƙoƙarin ɓalla mini maɓalli.

"Kot ɗin ne ya tsuke a ledarka."

"Kot ba ya cin naman alade da tsakar hunturu. Ka rage."

"Ubanka bai taɓa gaya mini abin da zan ci ba."

"Ubana bai sa ka a fim ba."

Shi ma ɗin ba sake yake ba. Karen da ke bina a farkon labarin ya mutu, ya samo wani ya shafa masa toka a kunne. Matar da ke gaishe ni a bakin famfo ta koma Jamus, ya sake rubuta wurin. Yarinyar da yake nema ta jira shi shekara uku, daga baya shi ya ɗauki hoton aurenta da wani.

Abin da bai iya gyarawa ba shi ne bangon. Mutane sun sayi injin busarwa ɗaya bayan ɗaya, gidaje suka daina yin ja. A shekara ta shida gida guda ya rage da ake rataye tattasai kamar da, gidan Dobrila, tsohuwar da ke fitowa a matsayin matar wan, wadda za ta buɗe mini ƙofa a ƙarshe. Fitowar nan ta ƙarshe ita kaɗai ta rage mana. Ɗan Dobrila kuma ya riga ya sayar da gidan, zai tafi da ita Stuttgart da zarar an sauke tattasan. In ba a ɗauka a wannan kakar ba, babu bango, babu mai buɗe ƙofa, babu fim.

Kwana biyu da fara rataya, Radoje ya faɗi a gonarsa, bai tashi ba.

Stanimir ne ya ɗauki jana'izar, kamar kullum. A bakin kabari na ɗaga kai, na ga ya sauke kyamara yana kallon haɓata. Ya san abin da kowa ya sani, cewa wanda ya rasa ɗan'uwa ba ya kai reza fuskarsa sai bayan kwana arba'in. Tattasai kuwa kwana ashirin da ɗaya yake yi a bango.

Ya bari har kwana bakwai suka wuce kafin ya zo. Ya zauna a bencin ƙofar gidana, ya juya hularsa a hannu.

"Kawu, na yi magana da fadan cocinmu. Ya ce ba dokar coci ba ce, al'ada ce kawai."

"Ba wan fada ne ya mutu ba."

"Minti huɗu ne. Ka aske da safe, mu ɗauka da la'asar, gemu ya ci gaba da fitowa. Wa zai ƙirga?"

"Matarsa za ta ƙirga. Ni ma zan ƙirga."

"Shekara tara ba ka ce masa ko sannu ba. Yanzu ne za ka yi masa biyayya?"

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Shi ya sa. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi masa, kuma ba zan rage ko kwana ɗaya ba."

Bai yi fushi ba, da ma ba ya cikin halinsa. Ya koma neman dabara. Ya gwada ɗaukata ta baya, ya ga ƙarshen labari ba ya yiwuwa da ƙeya. Ya naɗa mini mayafin wuya har hanci, sai ya tuna a fitowar da ta gabata ina share gumi. Ya sa wa surukinsa kot ɗina da hulata ya tsayar da shi daga nesa. Dobrila ta yi dariya har ta zauna a dakali, ta ce wannan ko kajinta ba za su ɗauke shi Milutin ba. Kullum da yamma yakan je ya tsaya gaban gidanta yana duban bango. Tattasan yana duhu, yana motsewa, gemuna kuma yana fitowa fari fat, abin da ni kaina ban sani ba, domin ban taɓa barinsa ya kwana uku ba.

Ranar Alhamis, kwana na goma sha tara da rasuwar, ɗan Dobrila ya iso da motar kaya, ya ce gobe da sassafe za su kama hanya. Ya fara yanke igiyoyin bangon baya. Stanimir ya zo gidana da kot ɗin a hannu, bai ce komai a kan reza ba.

"Sa mu tafi, Kawu."

"Haka?"

"Haka. Gara in sami abin da zan zubar da in rasa abin zubarwa."

Abin da aka rubuta mai sauƙi ne. Zan ƙwanƙwasa, ta buɗe, in ce, "Ki kira mini shi." Ita kuma ta ce, "Shigo, tun safe yake jiranka." Shekara shida ina riƙe da waɗannan kalmomi huɗu, kuma a duk tsawon aikin ban taɓa mance layi ba, kowa shaida ne. Rana ta kusa taɓa tudu. Surukin ya tura baro, na taka zuwa ƙofa tsakanin jajayen igiyoyi, na ƙwanƙwasa.

Dobrila ta buɗe. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ta jira, ta dubi gemun, ta dubi idona. Sai ta yi alamar gicciye, ta kama hannun kot ɗina kamar yadda ake yi wa mai makoki, ta matsa gefe. Na shiga, ta rufe ƙofa.

"A sake," in ji Stanimir daga waje. "Gwaggo, ba ki faɗi naki ba. Kawu, kai ma."

Kafin mu koma wurarenmu rana ta faɗa bayan tudu, jan bangon ya mutu. Ɗan Dobrila ya zagayo da wuƙarsa, ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri. Muna tsaye ya sauke igiyar farko ta bangon gaba.

Hunturu guda Stanimir ya yi yana tace fim ɗin. Da bazara ya aro majigi, aka toshe tagogin tsohuwar makarantar da aka rufe da barguna, mutum ashirin da uku suka zo da rana tsaka. Sun yi ta dariya, suna nuna gidajensu da matattunsu da karen da ya canza kunne. Da aka iso ƙofar ƙarshe, fuskata ta cika bango da farin gemu, sai dariyar ta yanke. Wani tsoho a baya ya ce, "Ya makara. Wan ya mutu." Mata suka fara share ido. Matar Radoje ta tashi ta fita, da ta zo wucewa ta dafa kafaɗata.

Stanimir ya tsaya kusa da majigi yana cewa, "Ba haka na rubuta ba." Babu wanda ya saurare shi.

Ya aika da fim ɗin wani ƙaramin bikin finafinai a birni. Suka nuna shi sau ɗaya. Wani mai sharhi ya rubuta a jarida cewa aiki ne mai kyau da kuskure ɗaya ya ɓata, wai an manta dattijon ba shi da gemu da safe. Stanimir ya yanke takardar ya adana. Wani lokaci yakan ce mutanen ƙauye ne suka gane, wani lokaci ya ce mai sharhin ne ya yi gaskiya, kuma har yau bai tsaya a kan ɗaya ba.

Ranar Lahadin da ta biyo baya shi ya kira Gordana, ya ce ya gama. Ta ce gurbin an ba wani tun shekara biyu da suka wuce, ta rasa yadda za ta gaya masa ne. Yanzu shekararsa arba'in da bakwai. Aure ya yi ƙaranci a ƙauyukan nan, jana'iza ce ta fi yawa, ita yake ɗauka.

Ni kuwa da kwana arba'in suka cika na je kabari, na kunna kyandir, na dawo gida na ɗauki reza, na mayar da ita. Shekara shida ana auna mini fuska, na ga lokaci ya yi da za ta zama tawa. Na gyara haƙorin. Na ci abin da nake so.

A watan jiya ya zo ya zauna a bencin nan da sababbin takardu. Labarin wani mai gadin makaranta ne da ke share hanya kullum ko da yake babu ɗalibi ko ɗaya. Yini guda ne shi ma, cikin dusar ƙanƙara. Na tuna masa cewa hunturu biyu ke nan ba ta kwanta a ƙasa ba. Ya ce za ta zo, hunturu ɗaya zai ishe mu. Sai ya ciro magwajin tela daga aljihu, ya auna gemun daga leɓe zuwa ƙarshe, ya rubuta a bayan takarda.

"Kada ka taɓa shi, Kawu," in ji shi. "Ko gefe kada ka rage."

Takardun suna kan teburina. Na karanta su sau biyu.