Gadon Inna ya dawo daga Kwatano

Ko sallar asuba a gurguje muka yi, muka bar Greensboro ta nan Amurka a motar kaya ta haya, ƙanena ke tuƙi. Wilmington muka nufa, bakin teku, mu karɓo gadon asibiti mai lantarki da na aika wa Inna can Maraɗi tana kwance da shanyewar jiki. Aikina kenan a gidan tsofaffi, in danna maɓalli in ɗaga uwar wani, tawa kuwa tana kan katifa bayanta na gyambo.

Hanya shimfiɗe kamar tabarma, sai itatuwa. Da muka wuce Raleigh warin gonakin alade ya shigo mota, ƙanena ya ce ko azumi yake sai ya sake niyya. Mun sha mai, tsada kamar turare, muka sayi kofi da ruwan zafin garinmu ya fi shi daɗi. Abincin gefen hanya duk alade ne, sai muka buɗe kular dambu.

Ga yadda aka yi. Gadon na kan teku sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Ƙasashe maƙwabta suka saka takunkumi, suka rufe iyaka, kaya ya maƙale a tashar jirgin ruwan Kwatano. Na kai kamfanin jigilar ƙara. Lauyansu ya ce Amurka ba ta hana kai kaya Nijar ba, shi ya sa suka ɗauka. Waɗanda suka rufe ƙofa kuma dokarsu daban, ba ruwan kamfani. Alƙali ya ce kowa ya bi dokar inda yake, babu mai laifi. Da maƙwabta suka janye, sojojin namu suka ce su ba za su buɗe ba. Kai! Inna ta rasu ana wannan ja-in-ja. Abin da shari'a ta ba ni kawai shi ne a dawo mini da kayana.

A ma'ajiyar kaya wani dattijo baƙar fata ya taya mu lodi. Ya ga sunan Inna da na rubuta a jikin kwalin, ya ce, "Mama za ta ji daɗinsa." Na ce masa na gode. Wallahi kuka ya ci ƙarfina.

A hanyar dawowa mun tsaya McLeansville gidan wata Hajiya da mijinta ke kwance, don ita na yi wa alkawarin gadon, ladan ya kai wa Inna. Muka haɗa shi tsaf. Na ɗauko wayar gadon zan jona, ta ƙi shiga bango. Na manta tun kafin in aika na sa an canza ta zuwa irin wutar Maraɗi.

Na zauna a ƙasa riƙe da wayar. Abin da tafiyar nan ta koya mini, manya kowa da dokarsa, kuma kowa ya fita da gaskiyarsa. Inna ce kaɗai ba a tambaya ba. Allah ya jiƙanta.